Proxmox a kan saba uku: abin da na gani da na haɗa su kilasta

Duk wanda yake da saba biyu ko uku yana neman tsarin da zai ɗora musu su riƙa aiki tare a matsayin kilasta, ni dai Proxmox VE, manhajar da take raba saba ɗaya ta ɗauki kwamfutocin wucin gadi da yawa, zan ce masa ya saka, kuma da gaske nake, amma da sharaɗin ya fara zama ya yi lissafin wutarsa kafin ya taɓa filashi. Manhajar tana da kyau sosai, kyauta ce, babu abin da suka ɓoye suka ce sai ka biya za a buɗe maka, sai dai waɗanda suka gina ta a Turai suke inda wuta ba ta ƙiftawa, mu kuma kun san halin da muke ciki, to yawancin abin da zan faɗa a kan wannan gaɓar yake.

Kamfanin da yake yin ta yana Biyana ta ƙasar Ostiriya, sunansa Proxmox Server Solutions, kuma tun 2008 suka fara sakin ta, wato ba sabon abu ba ne da ya fito jiya. A ƙarƙashinta Debian ce zalla, wani nau'in Linux, sun ɗora KVM don VM, wato kwamfutar wucin gadi da take aiki a cikin saba, da LXC don kwantena, wato ƙaramar irinta mara nauyi, sannan suka yi mata shafin da zaka buɗe a burauza ka sarrafa komai. Ta 8 ta fito a 2023 a kan Debian 12, ta 9 kuma ta fito a 2025 a kan Debian 13. Abin da ya sa sunanta ya cika gari a 'yan shekarun nan shi ne tunda Broadcom ya kammala sayen VMware, kamfanin da yake sayar da irin wannan manhajar, a ƙarshen 2023 aka canza tsarin lasisi ya koma biyan shekara shekara, mutane da yawa suka fara neman mafita, su kuma 'yan Proxmox basu yi wasa ba, a 2024 suka saka hanyar da zaka jawo VM ɗinka kai tsaye daga ESXi, manhajar VMware ɗin, ta cikin shafin nasu. Ni inda na ɗora ta wata makaranta ce mai zaman kanta da take da ɗakin jarrabawar kwamfuta da rijistar ɗalibai da lissafin kuɗin makaranta, injinan kuma Dell PowerEdge ne tokumbo guda uku, irin waɗanda ake kawowa bayan sun gama aiki a can waje.

Ɗorawar kanta ba ta da wahala ko kaɗan, wanda ya taɓa saka Ubuntu zai iya. Ka sauke ISO, ka rubuta a filashi da balenaEtcher ko dd, in kuma Rufus ka saba da shi to ka tabbatar ka zaɓi DD, in ba haka ba filashin zai iya ƙin tashi. Yana tashi zai tambaye ka diskin da zai ɗora a kai, kuma ka sani zai share komai da yake ciki. A wannan allon akwai wani ɗan maɓalli Options da mutane suke wucewa da sauri, to nan ne ake zaɓar tsarin ajiyar fayil a diski, ext4 ko xfs ko ZFS, ni shawarata in kana da SSD biyu ka zaɓi ZFS RAID1, wato a riƙa rubuta abu ɗaya a duka biyun, don ko ɗaya ya mutu injin ya ci gaba da tashi. Daga nan ƙasa da lokaci, mu Africa/Lagos, 'yan uwanmu na Nijar Africa/Niamey, sai fasawod da imel, sai sunan injin da IP. To nan fa ka tsaya ka nutsu, dan sunan da ka ba inji da IP ɗinsa kusan auren zobe ne da zarar ya shiga kilasta, canza su daga baya aiki ne ja da sai ka shiga fayil ɗin corosync, manhajar da take kai saƙo tsakanin injinan, da hannu, gara tun farko ka ɗauki takarda ka rubuta pve1, pve2, pve3 da lambobinsu kafin ka fara. Yana gamawa zai sake tashi ya nuna maka baƙin allo da adireshi mai ƙarewa da 8006, ka je wata kwamfutar ka buɗe a burauza, zata yi maka gargaɗin satifiket, ka wuce abinka, ka shiga da root.

Abu na farko da zai tarbe ka shi ne wani akwatin saƙo da yake cewa baka da rijistar biya, kuma duk shigar da zaka yi sai ya fito ka danna OK. Bai hana komai aiki ba. Wanda ya fi shi rikita sabon shiga shi ne in ka ce apt update sai ka ga kuskuren 401, dalili kuwa an saita injin ya ɗebo sabuntawa daga rumbun masu biyan kuɗi. Gyaran a cikin shafin yake, ka shiga Updates sai Repositories, ka kashe na enterprise har da na Ceph ɗin, ka ƙara No-Subscription, shi ke nan. Da ni ne su da na sa wannan tambayar tun wajen ɗorawa, dan mutum nawa ne zai ga jan rubutu a ranar farko ya ɗauka shi ya ɓata wani abu. Sannan sabuntawa da apt dist-upgrade ake yi, ba apt upgrade kawai ba, wannan a takardunsu ma sun ja kunne a kai. Maganar kuɗin kuma, matakai huɗu ne, Community da Basic da Standard da Premium, ana biya da yuro a shekara kuma a kan kowace kujerar furosesa, wato sabar da take da furosesa biyu kuɗi biyu ne, saba uku irinta shida kenan, in ka juya shi zuwa naira kai ma ka san ba ƙaramar makaranta ce zata ɗauka ba. Amma a gaskiya banki ko asibiti ko ma'aikatar da take da hali ya kamata ta biya, saboda rumbun masu biya ya fi tacewa kuma akwai wanda zaka kira in abu ya kwaɓe, kuma da kuɗin ne ake ci gaba da gina abin da mu muke mora kyauta.

Haɗa kilastar ita ce ta fi burge ni wajen sauƙi. A inji na farko ka shiga Datacenter, Cluster, Create Cluster, ka ba ta suna. Sai ka kwafo wani dogon rubutu da suke kira Join Information ka je inji na biyu ka liƙa, ka saka fasawod ɗin na farko, ka jira kaɗan, shafin zai yi kamar ya daskare dan satifiket ya canza, ka sake lodawa sai ka ga injinan a jere a gefen hagu kowanne da ɗan koren alama. Mai son baƙin allo kuma pvecm create da pvecm add ne kawai. Sharaɗi ɗaya, injin da zai shigo kada ya kasance da VM ko kwantena a kansa, dole ya zo wayam, in akwai sai ka yi musu bakof ka goge ka dawo da su bayan ya shiga. Kuma abin daɗin babu wani inji da yake shugaba, ta kowanne ka shiga zaka ga duka ka sarrafa duka, ba sai ka ware wata saba daban ta kula da sauran ba kamar yadda vCenter na VMware yake buƙata. Sirrin wani fayil sistem ne da yake zaune a /etc/pve, duk abin da ka rubuta a ciki nan take yake bayyana a sauran injinan, corosync ne yake kai saƙon tsakaninsu.

To nan ne maganar da na fi so a ji take. Kilasta da ƙuri'a take aiki, kowane inji ƙuri'a ɗaya, kuma ba a yarda a canza komai sai fiye da rabi suna jin juna, shi ne quorum ɗin da zaka gani in ka rubuta pvecm status. Inji uku, sai biyu suna raye. Inji huɗu, sai uku. Inji biyu kuwa sai dukansu biyun, dan ɗaya cikin biyu rabi ne cif ba fiye da rabi ba, saboda haka mutumin da ya sayi saba biyu yana murna wai in ɗaya ta mutu ɗayar zata riƙe, ranar da ɗayar ta mutu zai tarar /etc/pve ya kulle sai dai karantawa, VM ɗin da suke kunne zasu ci gaba da aiki amma bazai iya tada sabo ba bazai iya gyara komai ba. Wasu suna jin haushin wannan, ni kuma ina ganin daidai ne, dan injin da ya daina jin ɗan uwansa bai san ko mutuwa ya yi ko kebul ne kawai ya zare ba, in kowannensu ya ɗauka shi ne mai rai ya tada VM ɗin lissafin kuɗi, to ka samu littafi biyu kowanne da nasa lissafin, kuma babu wanda zai iya haɗa maka su. Kamar mutum biyu ne suke musu a kasuwa, sai an samu na uku mai raba gardama. Wanda bashi da kuɗin saba ta uku akwai abin da suke kira QDevice, ka samu 'yar ƙaramar kwamfuta ko Raspberry Pi ka saka mata corosync-qnetd, a injinan kuma corosync-qdevice, sai ka ce pvecm qdevice setup da IP ɗinta, ita ba ta ɗaukar VM ko ɗaya, ƙuri'a kawai take jefawa. Akwai kuma pvecm expected 1 da yake buɗe inji ɗaya ya yi aiki shi kaɗai, wannan na ranar gaggawa ne bayan ka je da ƙafarka ka ga ɗayan a kashe yake, ba abin da za a mayar al'ada ba.

Yanzu ka ɗora wannan a kan yanayinmu. Takardun Proxmox suna maganar inji ɗaya ya lalace, mu kuma abin da ya fi faruwa shi ne duka ukun su mutu lokaci ɗaya saboda an ɗauke wuta, ko wajen juyawa zuwa janareta, ko batirin inbata ya sauka da asuba kafin rana ta fito wa sola. In duka ukun da suwic ɗinsu a kan inbata ɗaya suke, to kilastarka sunanta uku amma ranta ɗaya ne. Kuma akwai abin da sai ka gani da ido, in wuta ta dawo inji ɗaya ya riga sauran tashi, bazai kunna VM ɗin da ka ce su tashi da kansu ba, zai zauna yana jiran rinjaye, in sauran biyun ba a saita su su kunna kansu ba to haka za a wayi gari fankar saba tana ta ƙara ɗalibai suna zaune babu jarrabawa. Maganin yana cikin BIOS, wajen AC Power Recovery ka mayar da shi On a dukansu, kuma kowace VM ka ba ta lambar jeri a Start/Shutdown order don databes ta riga manhajar da take dogara da ita tashi. Suwic ma ka ba shi UPS ɗinsa, mutane suna mantawa da shi alhali in ya ƙifta duka injinan sun daina jin juna kenan. Yawancin irin waɗannan sabobin suna da wajen shigar wuta biyu, ka kai ɗaya wannan UPS ɗaya wancan, ba duka a soket ɗaya ba.

Wajen da na ga Proxmox ta gaza mana shi ne babu wani waje a shafinta da zaka haɗa UPS ka ce in batir ya kusa ƙarewa a kashe komai cikin tsari. Sai dai ka saka NUT, manhajar da take lura da UPS, da kanka ta apt ka zauna ka rubuta fayilolinsa da hannu, yana aiki lafiya lau tunda Debian ce, amma abu mai muhimmanci irin wannan ya cancanci maɓalli. Su a wajensu ƙila sau ɗaya a shekara ne, mu kullum ne.

Sai HA, wato tsarin da in inji ya mutu VM ɗinsa su tashi a wani da kansu. Kowa shi yake ɗoki, kuma yana aiki, na zare kebul ɗin inji da gangan na tsaya ina kallon shafin, alamarsa ta koma ja, bayan 'yan mintuna VM ɗin ta bayyana a ƙarƙashin ɗayan ta tashi, gaskiya abin yana da daɗin kallo. Amma ka san farashinsa kafin ka kunna. Injin da yake ɗauke da VM mai HA, in ya rasa rinjaye na kusan minti ɗaya zai kashe kansa ya sake tashi da ƙarfi, wani mai gadi a cikin injin da ake kira watchdog ne yake yin haka don a tabbatar bai ci gaba da rubutu a diski ba. To in netwok ɗinka mai rawa ne, suwic mai arha ko kebul da ɓera ya ɗan taɓa, HA zai riƙa kashe maka injinan da lafiyarsu ƙalau. Shi corosync ba ya cin data mai yawa amma ba ya son jinkiri ko kaɗan, su da kansu sun ce ƙasa da milisakan 5 ake so tsakanin injina, saboda haka mai tunanin ya ajiye inji ɗaya a Kano ɗaya a Kaduna ɗaya a Abuja ya haɗa su ta intanet a kilasta ɗaya gara ya haƙura. Ka ware masa kofar netwok tasa da ɗan suwic nasa, ko gigabit ɗaya ce ta isa, kada ka haɗa shi layi ɗaya da bakof da yake cika hanya da daddare, kuma ka ƙara masa layi na biyu tun wajen ƙirƙirar kilastar, yana karɓar har takwas. Ni a ganina wajen da akwai mai kula a kusa kuma wuta ba tabbas, ka fara ba tare da HA ba, ka ga yadda wajen yake na ɗan lokaci, in ya zauna sai ka kunna wa VM ɗaya ko biyu da suka fi muhimmanci.

Wajen ajiya ma an fi yin ruɗu. Ceph ya zo a ciki, da dannawa kaɗan zaka girka shi, kuma shi ne yake sa diskokin injinan su haɗu su zama rumbu ɗaya, ka tura VM daga wannan inji zuwa wancan tana kunne ba wanda zai lura. Sai dai yana ajiye kowane abu sau uku, wato in ka tara terabait 6 to kusan 2 ne naka, kuma ba a son ka cika su ma, yana son netwok na gigabit 10, kowane diski yana cin wajen giga 4 na RAM, kuma ba ya son katin RAID ya shiga tsakaninsa da diski. Wannan na ƙarshen ya shafi ZFS ma, saboda haka in zaka sayi tokumbo ka tambayi mai sayarwa wane kati ne a ciki, H730 na Dell ana iya juya shi zuwa HBA a saitinsa, wato ya miƙa diskokin kai tsaye ba tare da RAID ba, tsofaffi irin H710 basu zo da wannan ba. A inji uku kacal Ceph yana kan iyakarsa ta ƙasa ne, ɗaya ya faɗi babu inda zai sake yin kwafi na uku sai ya dawo. Ga ƙaramin waje ni ZFS da replication na zaɓa, kowane inji da diskinsa, ana tura bambancin da aka samu zuwa ɗayan, asalin saitin duk minti 15 ne kana iya rage shi har minti 1. Illarsa a fili take, in inji ya mutu zaka rasa abin da aka rubuta tun turawar ƙarshe, to sai ka tambayi kanka ko aikinku zai jure asarar 'yan mintuna. Rijistar ɗalibai zata jure, wajen da ake karɓar kuɗi kowane daƙiƙa bazai jure ba. ZFS kuma yana son RAM don ajiyar wucin gadi, da can yana iya kwashe rabin abin da kake da shi, daga 8.1 ne suka daidaita sabon ɗori ya tsaya a kashi 10 cikin ɗari kuma kada ya wuce giga 16, wanda ya ɗora kafin nan sai ya duba da kansa.

Kada ka yi rowa a SSD, wannan ina roƙo. Irin na laftof da ake sayarwa da arha ba zasu daɗe a nan ba, dan kilasta kullum cikin rubutu take ko babu mai aiki, akwai wajen Disks da yake nuna Wearout zaka ga lambar tana hawa. Ka nemi na saba masu kariya daga yankewar wuta, suna da 'yan kafasito a ciki da suke ƙarasa rubutun da aka fara in wuta ta tafi, ko tsofaffi ne in lafiyarsu da saura sun fi sabon mai arha a ƙasar da ake ɗauke wuta ba sallama. Wani ƙaramin abu kuma da yake zuwa da tokumbo shi ne ɗan batirin agogo na kan allon inji, CR2032, sau da yawa ya riga ya mutu, wuta na tafiya agogo ya rikice, kilasta kuma ba ta son agogo ya bambanta, shiga shafin ma zai iya gagara, Ceph kuwa bambancin da bai kai ƙiftawar ido ba yake fara ƙorafi a kai. Ka canza batirin tun ranar da ka buɗe murfin, chrony mai daidaita agogo ta netwok yana zuwa a ciki, in intanet ɗinku mai yankewa ne ka sa wani inji a cikin gida ya riƙa ba sauran lokaci. In ka buɗe murfin kuma ka hure ƙura, lokacin hunturu musamman, ɗakin ma a rufe shi da kyau, kuma ka leƙa iDRAC, shafin Dell na lura da lafiyar inji, ka ga zafin da wutar da kowanne yake ja. A ce kowanne wat 150, uku 450 kenan, a awa 24 ya haura kilowat-awa 10, ban da esi, to wannan lissafin ya kamata mai wajen ya gani kafin a sayi komai, wani lokacin ƙananan kwamfutocin ofis guda uku masu isasshen RAM sun fi dacewa da solar da ake da ita, kuma Proxmox tana hawa kansu lafiya.

Aikin yau da gobe babu abin kushewa sosai. Ƙirƙirar VM 'yan dannawa ne, konsol ɗin yana buɗewa a cikin burauza, Windows tana so ka haɗa mata ISO na direbobin VirtIO wajen ɗorawa in ba haka ba bazata ga diski ba in ka zaɓi mai saurin. In injinanka furosesa ba iri ɗaya ba ne ka bar nau'in CPU a x86-64-v2-AES da yake zuwa a kai, kada ka sa host, don turawa daga inji zuwa inji tana kunne ta yiwu. Kwantena ta LXC ba ta da nauyi ko kaɗan, ƙananan abubuwa irin DNS da sabar fayil duk a ciki na zuba su, sai dai ita ba a tura ta tana kunne, sai ta mutu ta tashi a can, Docker kuma su da kansu sun fi son a sa shi cikin VM. Shafin yana da Faransanci da Larabci cikin harsunan da za a zaɓa, wanda zai taimaki na Yamai da Maraɗi da Injamena, amma ya cika maɓallai da yawa, sabon shiga zai ɗan ɓata kafin ya gane bambancin saitin Datacenter da na inji da na VM. Kuma duk kyansa akwai ranar da zai ƙi buɗewa, ranar sai wanda ya san ssh da journalctl da /etc/network/interfaces, misali ƙara sabon katin netwok kawai yana iya canza sunan kofa, vmbr0, gadar da take haɗa inji da VM ɗinsa da netwok, ya nemi tsohon suna ya rasa, inji ya tashi babu netwok, dole ka jawo allo da kibod ka gyara a gabansa. Saboda haka wajen da babu mai ɗan sanin Linux ko ɗaya, a fara koyar da mutum kafin a ɗora.

Abin da ya ƙara min son su shi ne Proxmox Backup Server da suka fitar a 2020, shi ma kyauta, yana buɗewa a 8007. Replication da Ceph ba bakof ba ne, in wani ya goge fayil ko ƙwayar cuta ta kulle shi to gogewar ce za a kwafa zuwa sauran injinan cikin biyayya. Shi Backup Server ɗin yana yanka bayanai gutsi gutsi, abin da ya taɓa ajiyewa ba ya sake ajiye shi, shi ya sa bakof na farko ne kawai mai nauyi, na bayansa kan VM da take kunne cikin ɗan lokaci yake gamawa, kuma kana iya shiga ka ciro fayil ɗaya tak ba sai ka dawo da VM gaba ɗaya ba, ranar da akawu ya goge takardar albashi zaka san darajar wannan. Ka ɗora shi a inji daban ba cikin kilastar ba, in da hali a wani ginin, ka saita Verify ya riƙa duba lafiyar abin da aka ajiye, lokaci lokaci kuma ka dawo da VM ɗaya da sabuwar lamba ka kunna ta ka gani da idonka. Yana iya tura kwafi zuwa wani irinsa a wani gari, kuma tunda bambanci kawai yake turawa data ba ta ƙonewa sosai bayan zagayen farko, wannan ne hanyar da ta dace da mai reshe a wani gari, ba miƙa kilasta ba.

In lokacin hawa sabuwar siga ya zo, suna ba da ɗan umarni da yake duba inji kafin a fara, pve7to8 wajen hawa ta 8, pve8to9 wajen hawa ta 9, ka gudanar da shi ka karanta duk gargaɗin da ya fitar ka gyara. Inji ɗaya ake yi a lokaci, ka kwashe VM ɗinsa zuwa sauran biyun, ka sabunta shi, ya tashi ya dawo cikin kilasta da koren alama, sannan ka matsa na gaba, kada ka taɓa biyu tare dan rinjaye zai faɗi. Wannan yana nufin tun wajen sayen RAM ka lissafa yadda inji biyu zasu iya ɗaukar kayan uku, in ka cika kowanne maƙil babu inda zaka kwashe. Ka zaɓi ranar hutu da rana tsaka lokacin da batir yake cike, janareta da mai a ciki, kuma bakof na daren jiya ya nuna OK.